wget yana bi ta Squid amma kullum sai ya sake sauko da fayil daga waje, ina matsalar take?

Ɗan_Koyo ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman taimako a kan wani abu da ya ɗaure mini kai.

Ina kula da ɗakin kwamfutoci masu Debian, kuma layin intanet ɗinmu ba shi da ƙarfi. Kowace kwamfuta tana da sikirif da ke sauke fayiloli biyu da wget, ɗaya na bayanai mai kusan megabayit 300, ɗaya kuma wata manhaja ce da ba ta kai shi girma ba. Tunda abu ɗaya kowa ke saukewa, sai na ga babu dalilin da zai sa ya riƙa ratso layin waje a kai a kai. Na ɗora Squid, wato furoksi (manhajar da ke tsayawa tsakanin kwamfutoci da intanet) mai ajiye kwafin abin da aka sauke, a kan wata kwamfuta mai adireshi 10.0.0.5, na bar shi a fot ɗinsa na asali, 3128, na buɗe wa netwok ɗinmu a http_access. A sauran kwamfutocin kuma na sa wannan:

`export http_proxy=http://10.0.0.5:3128`

Idan na kira wget da hannu, yana nuna ya haɗu da 10.0.0.5:3128, har ya ce "Proxy request sent". To amma gudun bai canza ba ko kaɗan. Kwamfuta ta biyu tana ɗaukar lokacin da ta farko ta ɗauka, ta uku ma haka. Me wget da curl (shi ma umarnin sauke fayil ne) ke aika wa furoksi ne a zahiri? Kuma ta yaya zan gane cewa fayil daga ma'ajiyar Squid ya fito, ba daga waje ba? Allah ya saka da alheri.

Malam_Mai_Saba ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Aikin da ka ɗauko mai kyau ne, kuma irin wannan bukata ce ta sa aka yi Squid tun 1996, lokacin da layukan intanet suke da tsananin ƙunci. Amma ka raba abu biyu a ranka. Bi ta furoksi daban, samun fayil daga ma'ajiyarsa daban. Layin da wget ya nuna maka, na farkon kaɗai ya tabbatar.

Bari in fara da abin da ke wucewa a waya, domin in ka gan shi sau ɗaya, sauran duk za su zo maka da sauƙi. Idan babu furoksi, curl ko wget zai tambayi DNS, mai mayar da sunan saba zuwa lambar adireshi, adireshin example.com, ya buɗe haɗi da sabar a fot 80, ya aika mata:

```
GET /bayanai.tar.gz HTTP/1.1
Host: example.com
```

Idan kuwa akwai http_proxy, ba zai nemi adireshin example.com ba sam. Da 10.0.0.5:3128 zai buɗe haɗi, sannan ya rubuta cikakken adireshin a layin farko:

```
GET http://example.com/bayanai.tar.gz HTTP/1.1
Host: example.com
```

A ɓangarensu, bambancin ke nan gaba ɗaya. Ba su da ma'ajiya tasu irin ta burauza, ba sa tuna abin da suka sauke jiya, kuma ba su san ko furoksin yana ajiya ko ba ya yi ba. Squid ne zai ɗauki wannan cikakken adireshin ya duba ko yana da kwafi. In yana da shi kuma bai tsufa ba, ya ba ka daga faifansa. In ba shi da shi, ya tambayi DNS da kansa, ya je wurin sabar, yana karɓa yana miƙo maka, kuma a lokacin ne yake yanke shawarar ko zai ajiye.

Ga yadda za ka gani da idonka:

`curl -v -x http://10.0.0.5:3128 -o /dev/null http://example.com/bayanai.tar.gz`

Layukan da suka fara da > su ne abin da ka aika, masu < kuma amsar da ta dawo. A wget, -S yana nuna kanun amsa, -d yana nuna komai. Kada ka yi gwajin da curl -I. Wannan HEAD yake aikawa, kanu kawai ake dawo masa da su ba tare da jikin fayil ba, saboda haka ba zai cika maka ma'ajiya ba, zai ruɗe ka kawai. Kuma kullum ka rubuta lambar fot bayan -x, domin in ka bar ta, curl 1080 zai ɗauka.

A cikin amsar ka nemi abu uku. Via yana nuna saƙon ya ratsa furoksi. X-Cache zai ce HIT ko MISS, wato ya samu a ma'ajiya ko bai samu ba. Debian 12 da Squid 5 yake zuwa, can za ka ga X-Cache ɗin, amma daga Squid 6 an maye gurbinsa da Cache-Status. Na ukun shi ne Age, adadin daƙiƙoƙin da kwafin ya yi a ajiye.

Duk da haka, ni ban fi yarda da komai ba kamar log ɗin Squid. Ka buɗe taga a kan 10.0.0.5 ka sa:

`sudo tail -f /var/log/squid/access.log`

sannan ka kunna sikirif ɗin daga wata kwamfuta kana kallo. Gani ya kori ji. Ka kawo mana layukan da suka fito.

Kafin nan, ga abin da nake zato game da babban fayil ɗin. Yadda Squid ke zuwa, maximum_object_size ɗinsa megabayit 4 ne. Duk abin da ya wuce haka zai miƙa maka shi lafiya lau, amma ba zai ajiye ba. Ƙari a kan haka, layin cache_dir a kashe yake zuwa cikin squid.conf, ma'ana babu ma'ajiya a faifai ko kaɗan, sai ta cikin memori, wadda take megabayit 256 kuma ba ta karɓar abin da ya wuce kilobayit 512. Fayil mai megabayit 300 ba shi da inda zai zauna.

Yar_Netwok ta amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa. Ni abin da ya ja hankalina shi ne ka ce "idan na kira wget da hannu". To sikirif ɗin fa, yaya kake kunna shi? In da sudo ne, ka sani sudo yana share mafi yawan abubuwan da ka yi export kafin ya kunna umarni, http_proxy na ciki. In cron, mai kunna ayyuka a kan lokaci, ne ke kunna shi, shi ma ba ya karanta .bashrc ɗinka. Sai ka ga da hannu komai na bi ta furoksi, amma ainihin aikin yana fita kai tsaye. Hanya mafi tabbas ga wget ita ce ka rubuta a /etc/wgetrc:

```
use_proxy = on
http_proxy = http://10.0.0.5:3128/
```

Wannan kowa zai shafa, ko da sudo ko babu.

Abu na biyu, ka bar http_proxy da ƙananan haruffa kamar yadda ka rubuta. Wasu na mayar da shi HTTP_PROXY, curl kuwa ba ya karɓar wannan, kuma da gangan aka yi haka. A tsarin CGI, wanda sabar yanar gizo ke kunna manhaja da shi, duk kan saƙon da baƙo ya aiko ana mayar da shi bariyabul mai farawa da HTTP_, saboda haka wanda ya aiko da kan saƙo mai suna Proxy zai iya dasa wa sabar HTTP_PROXY, ya karkatar da saƙonninta zuwa inda yake so. A 2016 aka yi ta maganar wannan ɓaraka da sunan httpoxy, ta shafi manhajoji da dama, amma curl tun da daɗewa ya toshe ta.

Ɗan_Koyo ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam da Yaya. Da sudo sikirif ɗin ke tashi, kuma da na kunna shi haka babu layi ko ɗaya da ya fito a log. Na sa saitin a /etc/wgetrc, yanzu yana fitowa. Ga abin da na gani, na yanke wasu sassan:

```
10.0.0.21 TCP_MISS/200 GET http://example.com/bayanai.tar.gz
10.0.0.22 TCP_MISS/200 GET http://example.com/bayanai.tar.gz
10.0.0.21 TCP_MISS/301 GET http://example.org/manhaja.tar.xz
```

Na duba squid.conf, cache_dir a kashe yake kamar yadda Malam ya faɗa. Abin da ban gane ba shi ne layi na uku. Fayil ɗin ya sauka cikakke a kwamfutar, amma a log 301 kawai na gani, girmansa bai kai kilobayit ɗaya ba, kuma bayansa babu komai. Ta ina fayil ɗin ya bi?

Malam_Mai_Saba ya amsa:

Madalla, yanzu magana ta fito fili. Fayiloli biyu, matsaloli biyu, kuma ɗaya ce kawai Squid zai iya warware maka.

Ta farkon mai sauƙi ce. Ka sa waɗannan a squid.conf, layin girman ya zo a sama da na cache_dir:

```
maximum_object_size 1 GB
cache_dir ufs /var/spool/squid 20000 16 256
```

Lambar 20000 megabayit ce, girman wurin da ka ba shi a faifai, 16 da 256 kuma yawan foldojin da zai rarraba fayiloli a ciki. Ka duba rubutun da squid -k parse, ka tsayar da Squid, ka yi squid -z don ya ƙirƙiri foldojin, sannan ka tashe shi. Kwamfuta ta farko za ta ga TCP_MISS, ta biyu TCP_HIT, kuma da gudun netwok ɗin cikin ɗaki fayil ɗin zai zo mata.

Akwai tarko biyu a nan da nake so ka sani tun yanzu. In duk kwamfutocin suka tashi lokaci guda, kowace za ta nemi fayil ɗin kafin amsar sabar ta fara isowa ga ta farko, sai Squid ya fita waje domin kowace ɗaya. Ko dai ka bar guda ta gama tukun, ko ka sa collapsed_forwarding on, wanda ke haɗe buƙatu iri ɗaya su zama tafiya guda. A kashe yake zuwa. Na biyun, in sauke fayil ya katse kuma ka ci gaba da wget -c, ragowar kawai zai nema, sabar ta amsa da 206, Squid kuwa ba ya ajiye gutsuren fayil. A layi marar ƙarfi wannan yana yawan faruwa. Sa quick_abort_min -1 KB yana taimakawa, domin Squid zai ƙarasa saukewa ko da kwamfutar da ta nema ta yanke.

Sannan ka duba kanun da sabar ke aikowa, domin mai fayil yana da ta cewa. In ya sa Cache-Control: no-store ko private, Squid ba zai ajiye ba komai girman faifanka. In ya sa max-age=3600, kwafin sabo ne na awa ɗaya. In bai faɗi komai ba sai Last-Modified, Squid zai yi kintace da layin nan da ke ƙarshen squid.conf:

`refresh_pattern . 0 20% 4320`

Fayil ɗin da ya kwana goma ba a taɓa shi ba lokacin da aka sauke shi, za a ɗauke shi sabo na kwana biyu, wato kashi 20 cikin ɗari, kuma ba za a wuce minti 4320 ba, kwana uku ke nan. Bayan wa'adin ya cika ma ba jefar da shi ake yi ba. Squid zai je ya tambayi sabar da If-Modified-Since ko If-None-Match, in ta ce 304, wato bai canza ba, sai ya ba ka tsohon kwafin. A log za ka ga TCP_REFRESH_UNMODIFIED. 'Yan layuka ne suka fita waje maimakon megabayit 300, saboda haka in ka ga wannan, nasara ce. Dokokin duk suna cikin RFC 9111 na 2022, in kana da lokaci ya cancanci karantawa. Ka kuma tabbata babu --no-cache a cikin sikirif ɗin, domin shi yana umartar furoksi ya je ya ɗauko sabo.

Yanzu layi na uku. Ka nemi adireshi mai http, sabar ta amsa da 301, ta ce fayil ɗin ya koma adireshi mai https. wget yana bin irin wannan turawar da kansa (curl sai ka sa masa -L). Da ya ga https, sai ya nemi https_proxy, bai samu ba, ya fita kai tsaye bai bi ta Squid ba. Shi ya sa log ya yi shiru.

Za ka iya ƙara https_proxy, kuma ƙimarsa http://10.0.0.5:3128 ce dai, domin http ɗin da ke gaba yana faɗin yadda za a yi magana da furoksin ne. Amma kada ka sa rai da HIT. Ga abin da wget zai aika:

`CONNECT example.org:443 HTTP/1.1`

Squid zai buɗe haɗi da sabar, ya amsa da 200 Connection established, daga nan ya koma bututu. TLS, wato rufe bayanai na https, tsakanin wget da sabar ake ƙulla shi, Squid yana miƙa rufaffun bayanai gaba da baya bai san me ke ciki ba. Sunan sabar da lambar fot kaɗai ya gani. Sunan fayil bai gani ba, Cache-Control bai gani ba, to me zai ajiye, kuma da wane suna? A log za ka ga TCP_TUNNEL/200 CONNECT example.org:443, kuma layin ba ya fitowa sai bututun ya rufe.

Wani zai ce maka ka kunna ssl_bump. Wannan yana nufin Squid ya riƙa ƙera satifiket da sunan kowace saba, ku kuma ku dasa satifiket ɗinsa a kowace kwamfuta a matsayin amintacce. Yana aiki. Amma daga ranar, duk abin da wani ya buɗe a ɗakin, har imel ɗinsa da kalmar sirrinsa, a buɗe zai ratsa 10.0.0.5, kuma duk wanda ya sace mabuɗin wannan satifiket ya mallaki ɗakin baki ɗaya. Amana ce mai nauyi, kuma ban ga hujjar ɗaukarta saboda fayil ɗaya ba. Ni ba zan yi ba.

Abin da zan yi shi ne in sa 10.0.0.5 ta sauke manhajar sau ɗaya ta https, in tabbatar da ita da sha256sum a kan lambar da masu ita suka wallafa, in ajiye ta a wata ƙaramar sabar yanar gizo kamar nginx a kan wannan kwamfutar, sauran su ɗauka daga can.

Kawu_Debian ya amsa:

Na yarda da Malam a kan ssl_bump ɗari bisa ɗari. Inda zan ɗan ƙara shi ne, ɗana, ka duba me ya fi cin layinku a gaskiya. A ɗakin da kowace kwamfuta Debian ce, ina kyautata zaton apt upgrade, umarnin sabunta manhajojin Debian, ya fi fayilolin nan biyu ci nesa ba kusa ba. Kuma a nan ne ma'ajiya ta fi amfani, domin madubin Debian, wato sabobin da ake sauke fakitocinsa daga gare su, suna ba da kaya ta http. Ba sakaci ba ne. Jerin fakitocin yana ɗauke da sa hannun Debian, apt yana tantance shi, sannan ya gwada kowane .deb da lambarsa, saboda haka ko furoksi ya taɓa fayil za a gane.

Shi apt ba ya karanta /etc/wgetrc. Ka buɗe fayil a /etc/apt/apt.conf.d/ ka rubuta:

`Acquire::http::Proxy "http://10.0.0.5:3128";`

Squid zai iya wannan aikin, amma sai ka gyara refresh_pattern don .deb su daɗe a ajiye, fayilolin jeri irin su InRelease da Packages kuma kada su daɗe, in ba haka ba wata rana apt zai yi ta kukan Hash Sum mismatch. Ni na fi son apt-cacher-ng, a fot 3142 yake saurare, kuma ya riga ya san wannan bambancin. Ba abin da zai hana su zauna tare a kwamfuta ɗaya.

Ɗan_Koyo ya rubuta:

Alhamdu lillahi, babban fayil ɗin yanzu TCP_HIT/200 yake nunawa daga kwamfuta ta biyu, cikin 'yan daƙiƙoƙi yake sauka. Manhajar kuma na bi shawarar Malam, tana kan nginx a 10.0.0.5. Kawu, apt-cacher-ng shi ne na gaba in sha Allahu. Saura abu ɗaya: da na kira wget http://10.0.0.5/manhaja.tar.xz sai na ga shi ma ya bayyana a log ɗin Squid. Haka ya kamata?

Yar_Netwok ta amsa:

Haka zai yi, tunda ka ce masa duk abin da ya fara da http ya bi ta furoksi, shi kuma bai san na gida da na waje ba. Ba zai lalata komai ba, sai dai Squid zai ajiye kwafi na biyu na abin da ke kan faifansa, kuma in ka sauya manhajar da sabuwa, wasu kwamfutocin na iya ci gaba da samun tsohuwar har wa'adinta ya cika. Ka ƙara wannan a /etc/wgetrc:

`no_proxy = 10.0.0.5,localhost,127.0.0.1`

Ka rubuta adireshin cikakke. Kada ka sa 10.0.0.0/24 da nufin ya rufe netwok ɗin gaba ɗaya, domin wget ba ya gane wannan salon, ƙarshen suna kawai yake gwadawa. curl ya fara gane shi daga 7.86.0, a 2022. In kana da sikirif masu amfani da curl, su kuma ba sa duba wgetrc, sai ka sa musu no_proxy ta export ko --noproxy a kan umarnin. Bayan ka gyara, ka sake kiran wget kana kallon access.log, bai kamata wani layi ya fito ba.